Iyakar Jibiya a Matsayin Ajin Tarihi: Koyar da Tarihin Zamani da Gadon Al'adu a Jami'a, Daga Daddara Zuwa Maraɗi

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ake koyar da tarihin zamani a jami'o'in da ke maƙwabtaka da iyakar Nijeriya da Nijar, ta ɗauki yankin Daddara da Magama da Jibiya a matsayin misali. Hujjarta ita ce iyakar da aka shata tsakanin 1890 da 1908 ta riga ta shiga cikin gadon mutanen wurin, da turakunta da kalmominta da sana'o'inta da sunayen shekarunta, kuma ɗalibi ba zai iya karanta wannan gado ba muddin karatunsa ya tsaya ga takardun Ingilishi da labarin ƙasa guda. Takardar ta bi asalin layin, ta nuna inda manhajarmu ta yi giɓi, sannan ta kawo shawarar aikin da sassan tarihi za su iya farawa da abin da ke hannunsu.

Gabatarwa



Shekaru kaɗan da suka wuce wani ɗalibina ɗan aji huɗu ya shigo ofis riƙe da takarda, ya rubuto batutuwa uku yana so a zaɓa masa wanda zai yi kundin kammala digiri a kai. Na farko Yaƙin Cacar Baka, na biyu Majalisar Ɗinkin Duniya, na uku haɗewar Jamus a zamanin Bismarck. Na tambaye shi garinsu, ya ce Daddara. Da hira ta ɗan yi nisa sai na ji kakarsa ta wajen uwa 'yar Madarumfa ce, goggonsa tana aure a Ɗan Isa, mahaifinsa kuma ya daɗe yana kai hatsi kasuwar Jibiya, ana biyansa wani lokaci da naira, wani lokaci da sefa. Da aka rufe iyaka a 2019 cinikin ya tsaya cak, har kuɗin makarantarsa sai da aka sayar da dabba aka biya. Na ce masa ai ka baro kundinka a gida. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce wannan ai labarin gida ne, shi tarihi yake so ya rubuta.

Ban ga laifinsa ba, domin mu muka koya masa haka. Shekara uku muna kai shi Faris da Barlin da Landan, muna dawo da shi Legas da Kaduna, ba mu taɓa kai shi Magama ba. A wani kwas ɗin kuma, idan aka zo maganar kayan tarihi, sai mu nuna masa hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu da kaburburan Durɓi ta Kusheyi, ya tashi da fahimtar cewa gado abu ne da ya ƙare ranar da Turawa suka shigo Katsina a 1903. Tarihin zamani na can wajen manyan ƙasashe, gado kuma na can cikin tsohon zamani, shi da gidansu suna tsakiya babu mai ambatonsu. Wannan giɓi ne takardar take magana a kai.

Yadda layin ya bi ta bayan Jibiya

Wanda ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Jibiya zai wuce Daddara, ya isa Magama inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi arewa zuwa shingen kwastan, daga nan Ɗan Isa, sai Maraɗi. Duk tafiyar daga Katsina zuwa Maraɗi ba ta kai kilomita 100 ba. Sarkin da ke can ƙarshen hanyar sarautar Sarkin Katsina yake riƙe da ita har gobe, kuma a fadarsa akwai Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, kamar yadda suke a fadar Katsina.

Dalilin haka sananne ne. Da mayaƙan jihadi suka ci Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa. Sarkinsu Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya fake a Damagaram, daga baya wajen 1819 ya kafa kujerarsa a Maraɗi. Daga nan har ƙarshen ƙarnin babu daɗewar zaman lafiya tsakanin Katsinan biyu. A yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Maraɗawa, Sarkin Maraɗi Rauda ya faɗi a fagen. Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ya shafe shekaru sama da ashirin yana kai hare-hare kudu. Bajamushen nan Barth, da ya bi hanyar Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya tarar da daji ne ake ratsawa cikin fargaba, Ɗankama kuma kufai.

Na tsaya a kan wannan ne saboda wata jimla da nake cin karo da ita a kusan kowace takardar jarrabawa, wai Turawa ne suka zo suka raba 'yan'uwa da ke zaune lafiya. Rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiya a hannun ɗalibin tarihi ta fi ƙarya wuyar cirewa. Akwai iyaka a nan kafin Bature. Sai dai iyaka ce mai faɗi, daji ne da ribaɗi da garuruwan da ke biyan gaisuwa nan yau, can gobe, fatake kuma suna ratsa ta idan an sami lafawar yaƙi. Abin da Bature ya kawo shi ne siririn layi mai lamba, wanda ba ya matsawa da ƙarfin dawakin sarki.

Shi ma layin bai zo a rana ɗaya ba. A watan Agusta 1890 Ingila da Faransa suka amince da layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, alhali babu wani jami'insu da ke mulkin ko da ƙauye ɗaya a tsakani. A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 aka ɗora tsinin abin zana da'ira a kan Sakkwato aka kewaya mil 100, aka ci gaba da layin gabas, abin da ya sa Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi suka faɗa ɓangaren Ingila a kan takarda. Faransawa suka ga an tura su cikin hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Sai a yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Ingila ta yarda ta ja layin kudu, kuma cikin abin da Faransa ta bayar a madadin haka har da haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar Newfoundland, can gefen Kanada. Yarjejeniyar Mayu 1906 ta gyara layin domin ya bi iyakokin sarautu gwargwadon hali, sannan daga 1906 zuwa 1908 tawagar Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa ta bi ƙasa ta kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Chadi.

A duk lokacin da na faɗi maganar kifin Newfoundland a aji sai in ga idanun ɗalibai sun buɗe. Yarjejeniyar 1904 suna haddace ta a kwas ɗin tarihin Turai a matsayin ɗaya daga cikin matakan da suka kai ga Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma ba a taɓa gaya musu cewa ita ce ta sa goggon wani daga cikinsu take riƙe da katin zama 'yar Nijar ba. Tarihin Turai da muke koyarwa yana da amfani, ban zo neman a soke shi ba. Abin da nake nema shi ne a riƙa sauke shi a ƙasa, a nuna inda ya taɓa gonar wani.

Gadon da ba ya cikin gilashi

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta fi mayar da hankali ga gine-gine da kayan da ake tonowa ko ake ajiyewa. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 ta faɗaɗa ma'anar gado ta haɗa da abin da ke bakin mutane da hannunsu, kuma ta wannan ƙofa bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin duniya a 2016, hawan sallar Kano ya shiga a 2024. Amma a lura da yadda ake rajistar: ƙasa ce take kai suna. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, irin na Fulani da Barebari, an rubuta shi a 2014 da sunan Nijar, alhali ana yin sa a Jibiya kamar yadda ake yi a Madarumfa. Tafkin Madarumfa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, kuma daga Jibiya tafiyar ɗan lokaci ce, amma da wuya ka ji sunansu a ajin tarihi a Katsina. Gado ma an yanka masa katin ɗan ƙasa.

To mene ne gadon ƙarni na ashirin a wannan yanki? Turakun iyaka su ne na farko. William Miles, wanda ya zauna a 'Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta ƙasar Nijar ya fitar da littafinsa kan rabuwar ƙasar Hausa a 1994, ya nuna mutane suna kiran turakun ƙarfen nan tangaraho, wato sunan wayar aika saƙo ta Bature suka ba su. Waɗanda aka kafa a lokacin Tilho sun haura shekara 115, sun girmi ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wanda yanzu shi ne gidan tarihi na ƙasa a birnin.

Sai harshe. Mutumin Daddara ya ce kwastan, ɗan'uwansa na Ɗan Isa ya ce duwan. Nan makarantar boko da malam, can lakwal da mushe. Nan ɗan sanda, can har da jandarma. Tsofaffi da yawa har yanzu idan za su tsallaka sai su ce za su Faransa. Ɗan canji a Magama yana lissafin sefa da dala da jika, dala sefa 5, jika sefa 1,000, kuma zai iya ba ka labarin watan Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, dalla-dalla fiye da yadda littafin tattalin arziki zai ba ka, domin shi ya san wanda ya kwana da arziki ya tashi da bashi. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan shaida ce ta irin hukumar da ta tsaya a kan mutum da irin takardar da ta nema a hannunsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sunayen shekaru. Talakan ƙasar Hausa ya daɗe yana ajiye tarihinsa ta hanyar raɗa wa yunwa suna. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba, kuma Michael Watts, wanda ya yi aikinsa a Kaita nan kusa da mu, ya bi diddigin irin waɗannan sunaye a littafinsa na 1983. A Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris 1986. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, hatsin da aka saba kaiwa arewa ya yanke, mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara El-Buhari. Ga hukuncin tarihi cikin kalma guda, wanda babu shi a takardar gwamnati ko ɗaya. Ɗalibin da ya iya tambayar tsohuwa sunayen shekarun da ta gani, ya jera su, ya gwada da rahotannin hukuma, ya koyi sukar madogara fiye da wanda ya haddace ma'anarta.

Rufe iyaka kuwa ya zama abin da kowane zamani yake da nasa. An rufe a Agusta 2019, a Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya mayar da garuruwa irin Jibiya hannun 'yan bumburutu. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, amma Jibiya sai Afrilu 2022. Ba a daɗe ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa har Maris 2024, motocin kaya suka yi dogon layi a Magama kayan gwari suna ruɓewa. A Janairu 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata. Yaron da aka haifa a Daddara a 2000 ya ga duk wannan da idonsa. A kusa da kowace rufewa kuma sana'o'i suna tsirowa, 'yan fito da 'yan acaɓan da suka san hanyoyin cikin gona da masu ajiye kaya. Fasa-ƙwauri laifi ne a doka, ban zo wanke shi ba, amma masanin tarihi ba zai kau da kai daga abin da ya ciyar da garuruwa tun zamanin gyaɗa ba, lokacin da manomi yake duba farashin ɓangarorin biyu kafin ya ɗora wa jakinsa buhu.

Ruwa ma bai san shinge ba. Kogin da aka datse aka yi madatsar Jibiya a farkon shekarun 1990 shi ne yake shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, ya sake dawowa Nijeriya ya faɗa Rima. Saboda irin waɗannan koguna ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar rabon ruwa a Maiduguri a 1990. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi garin Maraɗi daga kwari aka mayar da shi kan tudu. A daren tsakiyar Yuli 2018 ruwa ya ci Jibiya, mutum fiye da 40 suka rasu, wasu gawarwakin a cikin ƙasar Nijar aka tsamo su. Allah ya jiƙansu. Wanda zai rubuta tarihin wannan kogi daga ɓangare ɗaya kawai, rabin kogi ya rubuta.

Takardu a gida biyu

Matsalar da ta fi kowace girma ita ce ta harshen madogara. Rahotannin Razdan da na Di'o kan gundumomin Katsina suna Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wasu a Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a 1970. Takwarorinsu na kumandan ɗin Maraɗi suna Yamai da Dakar da Aix-en-Provence, da Faransanci. Idan mutane suka gudo daga aikin tilas na Faransawa, wanda ba a soke shi ba sai 1946, jami'in Faransa zai rubuta cewa an yi asarar masu biyan haraji, na Ingila ya rubuta cewa gunduma ta ƙaru. Tafiya ɗaya ce ta iyali ɗaya, an rubuta farkonta da wani harshe, ƙarshenta da wani.

Haka ayyukan masana suke a rabe. Ɗalibanmu sun san Yusufu Bala Usman da littafinsa na 1981 kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, kuma ya cancanci a san shi, domin shi ya koya mana duba gari da kasuwa da sana'a maimakon ƙirga ƙabilu. Amma nawa ne cikinsu suka taɓa buɗe abin da Landeroin, tafintan tawagar Tilho, ya rubuta daga bakin masu tarihin Maraɗi da Tsibiri da Damagaram, wanda aka buga a 1911? Nawa ne suka san aikin Philippe David kan Maraɗi kafin zuwan Turawa, ko na Guy Nicolas, ko littafin Emmanuel Grégoire na 1986 kan alhazan Maraɗi, 'yan kasuwar da ke fatauci ta wannan hanya ta Jibiya? Ga Djibo Hamani da André Salifou da Addo Mahamane, 'yan Nijar da suka yi rubutu a kan ƙasar Hausa, ga Camille Lefebvre da littafinta na 2015 kan yadda aka yi iyakokin Nijar. Duk suna nan, ƙofar Faransanci ce kawai ta rufe su. Can ma ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni yana fama da irin wannan ƙofa ta Ingilishi. Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne mu da su muna da harshen da za mu zauna mu tattauna ba tare da tafinta ba, kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Akwai kuma gida na uku na takardu, wanda ba ya cikin kundin kowace hukuma. Ɗalibin nan da na ambata, bayan mun yi ta ja-in-ja, ya yarda ya tambayi mutanen gidansu lokacin hutu. Ya dawo da wata tsohuwar jakar fata da aka ciro daga ƙasan adakar kakansa. A ciki akwai takardun haraji na En'e ta Katsina, sun yi ja sun kakkarye a wajen ninki, da wata takarda mai hatimin Faransanci da hoton da ya dushe, da wasiƙa guda ta ajami da aka naɗe a cikin ƙyalle. Muka baje su a kan tebur. Takardun En'e ya karanta ba wuya. Ta Faransancin sai da muka nemo wani abokin aiki. Wasiƙar kuwa, duk da ya yi makarantar allo, sai da ya yi kwana biyu yana fama da ita kafin ya gane maganar bashin gero ce da gaisuwar rasuwa daga wani ɗan'uwa a arewa. Jaka ɗaya, rubutu iri uku, kuma digirin da muke ba shi ya shirya shi ya karanta ɗaya ne kacal.

Abin da za a iya yi

An cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare wajen 2009, aka yi shekaru kafin a dawo da shi, don haka ɗaliban da ke zuwa mana yanzu da yawa ba su taɓa karanta tarihin garinsu a aji ba. Sassan tarihi da dama sun ƙara wa sunansu nazarin tsaro ko hulɗar ƙasa da ƙasa domin su sami masu nema, kuma na fahimci dalili. Sai dai idan tsaro da hulɗar ƙasashe ake so a koyar, ban san wani aji da ya fi hanyar Katsina zuwa Magama ba.

Ƙofa a buɗe take. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamba 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Al-Qalam duk suna cikin jihar da ke da wannan iyaka. Shawarata ita ce a yi amfani da wani ɓangare na wannan kaso a gina kwas guda mai zango biyu kan tarihin iyaka da gadonta daga 1800 zuwa yau, a haɗa masa Faransancin karatu, wanda burinsa ɗalibi ya iya fahimtar rahoton kumanda da ƙamus a gefensa, da kuma karatun ajami na wasiƙu da takardun alƙalai. A koya masa ɗaukar hira, da ɗaukar hoton takarda ba tare da ya lalata ta ba, da rubuta bayanin abu yadda ma'aikacin gidan tarihi yake yi. Wanda ya fita da wannan horo zai yi aiki a gidan tarihi ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, zai kuma yi amfani a kwastan da shige-da-fice da hukumar iyakoki da gidan rediyo. A ɗaya ɓangaren akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, wadda ta fi ƙarfi a kimiyya da noma, da Jami'ar André Salifou a Damagaram, da cibiyar CELHTO ta tarihin baka da ke Yamai tun 1968. Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar tana nan tun 1971. Ko gwamnatoci sun yi tsami, malami zai iya aika wa malami hoton takarda ta waya.

Na san abin da ke ran kowa a nan: tsaro. Jibiya tana cikin ƙananan hukumomin da aka katse wa layin waya a Satumba 2021 saboda 'yan bindiga. A Maris 2022 mutanen Shimfiɗa suka baro garinsu suka kwarara cikin Jibiya, dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato kuma suna gudun hijira a jihar Maraɗi tun 2019. Babu malamin kirki da zai tura ɗan wani cikin daji domin kundi. Amma wannan hali shi ne ya sa aikin ya zama na gaggawa. Idan gari ya tashi, tsohon da ya san wace tsamiya ce iyakar gonar wane, wace rijiya wa ya haƙa, ina aka rufe wanda ya sari garin, yana zaune a ɗakin aro a Jibiya ko Katsina, babu mai tambayarsa, kuma kwanansa ba jira yake ba. Irin waɗannan ana iya zama da su cikin gari. Ɗalibanmu 'yan yankin, da suke komawa gida kowane hutu, su ne suka fi kowa sanin inda ake zuwa da inda ba a zuwa.

Sai a yi hattara da amana. A wurin da kalmar infoma take iya jawo wa mutum kisa, ɗalibi mai riƙe da na'urar ɗaukar murya yana iya jefa kansa da mai ba shi labari cikin haɗari. Dole a nemi izinin mai gari da na mai magana, a gaya masa inda muryarsa za ta je, a sakaya sunansa idan maganar ta taɓa fito ko 'yan bindiga ko jami'an shinge, a kuma ajiye wasu hirarrakin a rufe na tsawon shekaru. Takardun gida a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Jakar kakan ɗalibina ta koma cikin adakarta, mu hoto muka riƙe, iyalin kuma muka ba su kwafi da fassarar takardar Faransancin da ba su taɓa sanin abin da ke cikinta ba.

Akwai wani dalilin gaggawa kuma. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil yake ginawa, kuma Daddara da Jibiya suna cikin wuraren da aka tsara wa tasha. Mun san abin da jirgi ya yi wa Kano bayan ya iso a 1911, yadda ya juya akalar fatauci daga hamada zuwa teku ya cika ƙasar da gyaɗa. Idan jirgi ya fara tsayawa a Daddara, farashin fili zai canza, baƙi za su zo, direbobin tirela da 'yan kamasho da masu abinci a Magama za su ga wata rayuwa dabam. Wanda zai rubuta wannan tarihi nan da shekara hamsin zai nemi sanin yadda garin yake kafin jirgi, kuma ba zai samu ba sai idan wani ya rubuta yanzu: unguwanni da masu su, ranakun kasuwa da abin da ake kawowa, gidajen da ke da aure a tsallake, kufai da maƙabartun da ke kusa da layin. Aiki ne da aji ɗaya na ɗalibai ashirin zai iya yi a rani guda, da littafin rubutu da wayar hannu. A rani na biyu sai a ɗauki taswirar tawagar Tilho, a nemi rakiyar hukumar iyakoki da hakimai, a bi sashen da ya ratsa ƙasar Jibiya inda hali ya yarda, a ga turaku nawa ne suke tsaye, nawa suka faɗi, da kuma sunan da manoman wurin suke kiran kowanne.